Lambar da Ta Jira Ajuji

Jama'a, ni ba mutumin camfi ba ne, duk wanda ya san ni ya san haka, in ka kawo min zancen mayu ko na aljanu ina iya tashi in bar maka wurin ko da shayina bai ƙare ba. Amma abin nan da zan ba ku, wallahi tallahi a kaina ya faru, da rana tsaka, idona biyu, a gaban mutane, kuma har yau in na tuna shi ba tsoro ne ke fara zuwa min ba, haushi ne. Tsoron sai daga baya yake biyowa.

Shekarun baya ne, lokacin ina aiki da wata ƙungiya da ke ciyar da yara masu tamowa a kudancin Kano, ba zan faɗi sunanta ba don ba na neman rigima da kowa. Aikina komfuta ne. Muna da 'yan ɗakunan shan magani a ƙauyukan Bebeji da Kiru, har can cikin Tudun Wada da Doguwa, irin wuraren da in kana neman sabis sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kana juyi. Saboda rashin sabis ɗin ne aka ce in rubuta manhajar da za ta riƙa ajiye bayanan yara a cikin komfutar kowane ɗakin magani ita kaɗai, ba sai ta jira intanet ba. Ni na rubuta ta tun daga tushe, hatta yadda bayanan ke kwanciya a cikin fayil ni na tsara da hannuna, na kuma yi shekaru ina rainonta, saboda haka kada wani ya zo ya ce min ban san cikinta ba.

Bari in ɗan yi muku bayani, don in ba ku gane wannan ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Duk yaron da aka yi wa rajista yana samun gurbi, kowane gurbi da lambarsa, kuma lambobin a jere suke tafiya, wanda ya fara zuwa gaban tebur shi ke ɗaukar ta gaba. A cikin gurbin kowane yaro akwai ɗan akwati da ke riƙe da lambar yayan da yake bi, shi ma yayan yana riƙe da ta nasa yayan, haka dai kamar sarƙa har a kai kan ɗan fari. Shi ɗan fari ba ya bin kowa, sai manhajar ta sa masa sifili. In za a ajiye sabon yaro, manhajar takan bi sarƙar nan daga ƙani zuwa wa don ta haɗa tarihin haihuwar uwar, da ta taka sifili sai ta tsaya, ta ajiye, ta buga 'yar takarda. Takardar nan ita ake kai wa mai sito ya ba da abincin tamowa, wannan kwaɓin gyaɗa da madara na cikin 'yar leda. Ba takarda, ba abinci, dokar ogan ofishinmu na Kano ke nan tun lokacin da aka fara ganin ledojin a kasuwa.

To, wata damina, masara ta kai ƙirji, sai Malama Rabi ta kira ni. Ita ce ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye da ke bayan Tudun Wada, in ka nufi Doguwa ka ratse hagu. Mace ce mai sanyi, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma ranar har wayar na rawa. Ta ce Injiniya, komfuta ta tsaya cak, na shigar da wata yarinya na danna ajiya sai ta kama kuka, na kashe na kunna ta koma kukan, yanzu ba wanda nake iya buga wa takarda, ita kuma yarinyar in ba ta samu abinci ba ban ga alamar za ta kai ba. Na san dalilin da kashewa da kunnawa bai yi aiki ba, ni na tsara ta yadda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiya, da an kunna sai ta koma ta ƙarasa aikin da ta bari. Ke nan duk kunnawa ɗaya komawa take cikin masifar da ta fito.

Washegari ina idar da sallar asuba na kama hanya. A Kwanar Dangora direbanmu ya tsaya cikon fasinja har sai da na kusa cin kwalarsa, muka wuce Ƙafin Maiyaki ana yayyafi, a Tudun Wada na sauka na hau acaɓa, taɓo har gwiwa, jakar komfutata a ƙirji na rungume ta cikin leda. Ban isa ba sai bayan azahar, jiƙe sharkaf, raina a ɓace tun kafin in ga komai.

Mata cike da rumfar gaban ɗakin maganin, kowa da goyonta, sun yi jugum. Tun daga bakin ƙofa na jiyo fankar komfutar tana wani siririn kuka mara yankewa, na taɓa jikinta, kai, za ka iya ɗumama tuwo a kai. Sai kuma na lura kukan biyu ne. A kan tabarma can gefen bango wata tsohuwa na zaune da jaririya a cinya, ita ma jaririyar irin kukan take, siriri, dogo, ba hawa ba sauka, ban ma ga lokacin da take jan numfashi ba. Na ga yara masu tamowa da yawa a aikin nan, amma wannan sai da na kau da kai, fata ce kawai a kan ƙashi, gashin ya yi ja, idanun sun faɗa. Malama Rabi ta ce ta auna damtsenta da ɗan tef ɗin nan, ya shige ja can ciki. Wata matashiya kuma na zaune nesa da su, ta ba su baya, tana kallon gonar masara kamar ba da ita aka zo ba. Na ce wacece waccan, Malama ta ce uwar yarinyar ce, Hanne.

Nan jinina ya fara tafasa. Na ce uwa, 'yarta na wannan hali ita tana kallon masara? Malama ta ja ni gefe ta rage murya. Ta ce Hanne wabi take yi, 'ya'ya uku ta haifa duk sun koma kafin yaye, dukkansu an kawo su nan an yi musu rajista, suna cikin komfutar. Da aka haifi wannan sai kakar, tsohuwar da ke riƙe da ita, ta ce ba za a ƙara nuna ana so ba. Aka kai ta kan juji aka ajiye, wata maƙwabciya ta tsinto ta kamar kayan da aka yar, ake kiranta Ajuji, sunan yanka kuwa aka binne shi ba mai faɗa. Uwar ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta kallonta sai a ɓoye. Kuma kakar ta hana a kawo ta awo ko rigakafi, ta ce in an rubuta ta an ƙirga ta, in an ƙirga ta za a zo ɗauka. Sai da yarinya ta zama haka tukuna Hanne ta yi ta kuka har aka yarda aka kawo ta. Na ce to a ɗauke ta a kai babban asibiti mana, Malama ta ce ta yi magana har bakinta ya gaji, tsohuwa ta rantse ba inda za a ƙara gaba, sauran ukun duk a hanyar babban asibitin suka cika.

Na nufi sito. Malam Isiya mai sito na zaune a bakin ƙofa, makulli a aljihu, katan-katan na abinci a bayansa ina hango su ta taga. Na ce Malam Isiya buɗe ka ba da leda ko ɗaya ce, takarda za ta biyo baya, ni ne shaida. Bawan Allah sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce Injiniya ka yi min rai, wanda na gada a kujerar nan leda kaɗan aka nema aka rasa, har ofishin 'yan sanda aka kai shi, ni ina da iyali, in oga ya ce in ba da, yanzu zan ba da. Na hau tudun bayan masallaci na kira oga. Yana wani taro a otal, ina jiyo ƙarar cokula da faranti. Na gaya masa komai, na ce yarinya za ta mutu a bakin sito cike da abinci. Wallahi abin da mutumin nan ya ce min shi ne, ka gyara komfuta, shi ne aikinka, in na karya doka don mutum ɗaya gobe kowa zai zo da nasa labarin. Ya kashe waya. Na sauko na ɗauki dutse zan fasa kwaɗon, Malama Rabi ta tare ni, ta ce in ka fasa rufe wurin nan za su yi gaba ɗaya, dubi matan can. Na yi jifa da dutsen cikin masara.

Na zauna na jona komfutata da tasu. Abin da ake yi in manhaja ta kama zagaye ba ta fita shi ne ka sa ta riƙa faɗa maka duk inda ta taka, sai na ƙara layi ɗaya da zai riƙa rubuto lambar kowane gurbi da ta shiga. Ina kunnawa allon ya cika, lambobi na zuba kamar an ɓalle bakin buhu, amma da na tsayar na duba da kyau sai na ga ba lambobi ne da yawa ba, guda huɗu ne kacal ke maimaita kansu. Gurbin Ajuji, daga shi sai na wanda take bi, sai na gaba da shi, sai na 'yar farin Hanne, sai kuma gurbin Ajuji. Na buɗe gurbin 'yar farin, yarinyar da ta rasu shekaru kafin a haifi wannan. A akwatin da ya kamata in ga sifili, lambar Ajuji ce zaune daram. Wato 'yar fari tana bin autar, autar tana bin na tsakiya, na tsakiya suna bin 'yar fari, sarƙa ta haɗe baki ta zama zobe, manhaja kuwa tana ta neman ƙarshen da babu shi, kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Na juya kan Malama Rabi, na ce ke kika taɓa gurbin nan? Ta dube ni ta ce Injiniya, ta ina? Nuna min inda ake rubuta wannan lambar. Gaskiyarta ce, babu wani maɓalli a fuskar manhajar da ke kai mutum akwatin nan, ni na hana da gangan. Ko ni sai na shiga ta ƙarƙashi da kayan aikina.

Muna cikin haka sai ga tsohuwar ta taso da yarinyar a kafaɗa, ta tsaya a kaina tana kallon allon, ita da ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba. Ta ce me ya gani? Malama, maimakon ta yi shiru, sai ta hau yi mata bayani, wai na'ura ta ce ta farkon tana bin wannan, wannan tana bin ta farkon, an rasa inda suka fara. Tsohuwa ta gyaɗa kai a hankali, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce ai na gaya muku, ɗaya ce, ita ce take zuwa tana komawa, ga shi har ƙarfen Nasara ya gane ta.

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce Iya, ki yi haƙuri, kin haife ni, amma ba wani zuwa da komawa, yunwa ce da zawo, kun ɓoye yarinya a ɗaki wata da watanni kun hana ta awo kun hana ta allura, kun jefa ta a juji, yanzu kuma ki zo ki jingina wa komfuta? Rai na Allah ne, kowa da nasa, ba a ba wa mutum ɗaya rai huɗu. Na faɗi maganganu da yawa. Tsohuwa ta bari sai da na gama, sannan ta ce yaro, ka taɓa wanke gawar jikanka? Na ce a'a. Ta ce ni na wanke uku da hannun nan, in da cewa aka yi in cinye jujin gaba ɗaya za ta zauna, da na cinye. Sai ta nuna allon da haɓa ta ce, in kana da abin tsayar da ita, tsayar.

Na koma na zauna. Gyaran ba wani abu ba ne, ko ɗan koyo zai iya, goge lamba ɗaya ne ka sa sifili. A ƙa'idar aiki ba a taɓa bayanan asali da hannu sai an rubuta an nemi izini daga Kano, amma a lokacin ko shugaban ƙungiyar ne tsaye a kaina ba zan saurare shi ba. Na tsayar da manhajar, fankar ba ta daina ba don na'urar ta riga ta yi zafi, na shiga gurbin 'yar farin na goge lambar, na sa sifili, na ce bismillah, na sake ta.

Fankar ta yi ɗif. Kuma wallahi, wallahi, a daidai wannan bugun, ba kafin ba ba bayan ba, kukan yarinyar ya yanke. Kukan da aka ce tun jiya ba ta sauke ba. Ɗakin ya yi wani irin shiru har ina jin ɗigar ruwa daga indararo. Kan yarinyar ya langaɓe a kafaɗar kakar, hannun ya saki. Wata daga rumfa ta ce innalillahi. Ni kuwa yatsana na kan maɓalli na kasa ɗagawa, abin da ke raina kawai shi ne na kashe musu 'ya.

Sai Hanne, wadda tun zuwana ba ta waiwayo ba, ta yi wata irin ƙara ta taso da gudu, ta ture ni da kujerar, ta fizge yarinyar daga hannun tsohuwar ta rungume tana jijjiga ta. Ba Ajuji ta kira ba. Maryam take cewa, Maryam, Maryamu, ki dube ni, ni ce, ina sonki, wallahi ina sonki. A gaban surukarta, a gaban kowa. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta ce ta faɗa, shi ke nan ta faɗa. Ana cikin wannan sai 'yar firintar da ke kan tebur ta yi ƙara ta fara turo takarda, yarinyar kuma ta yi atishawa, ta ja wani dogon numfashi, ta buɗe ido.

Malam Isiya bai jira an kai masa ba, shi ya zo ya zare takardar da kansa, ya ruga sito har yana tuntuɓe. Malama ta wanke hannu ta yaga leda, ta lakato kaɗan ta sa mata a leɓe. Yarinya ta lasa, ta tsaya, ta ƙara lasa, sai ta kama yatsan da dasashi. Ni dai na fita bayan ɗaki na tsuguna. Da na dawo na tsaya har aka buga wa sauran matan takardunsu, sannan na kama hanya, ban ƙara yi wa tsohuwar magana ba ita ma ba ta yi min ba.

A mota ina ta lallashin kaina. Na ce haɗuwa ce kawai, yarinya ta gaji da kuka ta suma ta farfaɗo, lambar kuma wutar sola ce ta yi wasa lokacin ajiya ta watsa ta inda bai kamata ba, ana samun haka. Ina isa Kano na ce bari in tabbatar. Al'adata ce duk ƙauyen da na je sai na kwafo fayil ɗinsu a filas, ɗan abin nan da ake jonawa a komfuta a ɗebi bayanai, na ajiye, ina da su tun farkon aikin, cike da wani gwangwanin madara. Na zazzage na nemo mafi tsufa na ƙauyen, wanda na kwafo a shekarar da aka yi wa 'yar farin Hanne rajista, lokacin Hanne na amarya da goyon fari, ba a haifi na biyu ba balle a yi zancen ta huɗu. Na buɗe gurbin ina sa ran ganin sifili.

Lambar Ajuji tana nan. Ita dai, ba ƙari ba ragi. Tun ranar da aka rubuta 'yar farin lambar ke zaune a akwatin. A lokacin fayil ɗin ƙarami ne, yaran da ke ciki ba su kai ko kusa da wannan lamba ba, tana nuni ne da fili inda babu kowa, manhajar kuma in ta ga lambar da ta wuce ƙarshen fayil sai ta ɗauka sarƙa ta ƙare ta tsaya. Shi ya sa ba a taɓa jin ɗuriyarta ba, an shigar da na biyu lafiya, an shigar da na uku lafiya. Tana kwance shekara da shekaru, yaran ƙauyuka na ta zuwa suna cike gurabe ɗaya bayan ɗaya, har layi ya kawo kanta, kuma duk yaran ƙasar nan ba wanda ya faɗa gurbin sai ƙanwar mai akwatin. Na bi 'ya'yan fari na duk ɗakunan maganinmu, daga Bebeji har Doguwa, na rubuta 'yar manhaja ta duba min su kaf, kowanne sifili ne, wannan kaɗai ce ba sifili ba. Na koma na karanta layukan da ke rubuta akwatin har idona ya yi ja, babu ta inda wata lamba za ta shiga.

Na kira Malama Rabi na ce ki tuna min ranar da aka kawo Ajuji, yaya aka yi layi? Ta ce ai Hanne na gaba-gaba, saura kaɗan a zo kanta sai yarinyar ta yi amai ta ɓata mata zani, ta fita wankewa, wasu mata suka shige gabanta, da ta dawo ta shiga inda ta samu. Na ce da ba ta yi aman ba fa? Malama ta ce da wani yaron ne zai ɗauki lambar. Sai ta ƙara da cewa Injiniya, mu bar wa Allah.

Ni ban bar ba, na kai wa oga, da filas ɗin da komai. Ya saurara yana danna waya, ya ce shara ce ta cikin na'ura, haɗuwa ce, kai da ka yi karatu kake wannan zancen. Na ce na ji, shara ce. Sai ya ɗago ya ce amma wa ya ba ka izinin taɓa bayanan asali da hannu? Masu ba mu tallafi na zuwa bincike, in suka gwada fayil ɗin da tsohon kwafi suka ga an canza wani abu ba takarda, me zan ce musu? Ka mayar da lambar yadda take, ka gyara a cikin manhaja, ka sa in ta taka gurbi ɗaya sau biyu ta tsaya. Na ce ranka ya daɗe, sa wa manhaja birki zan sa, ya ma kamata, amma lambar nan ba zan mayar ba. Ya ce ashe kai ma ka yarda da camfin. Na ce ban yarda ba, kuma ba zan mayar ba. Ya ce umarni ne. Na cire katin aikin daga wuyana na ajiye masa a kan tebur, abin da na gaya masa a bakin ƙofa ba zan rubuta shi a nan ba.

Abin da ke ci min rai har yau shi ne wannan. Bayan wasu watanni na haɗu da wanda aka ɗauka a gurbina, a wajen wani ɗaurin aure, yaron kirki, yana ta ba ni labarin yadda ya tsabtace aikin. Ya ce ai har wannan gurbin da ka taɓa na mayar da shi yadda yake a tsohon kwafi, na sa birki, yanzu ko ƙyas ba ta yi. Na ce ka mayar? Ya ce eh mana, oga ya ce. Wato zoben yana nan a rufe, 'yar fari na bin auta, auta na bin 'yar fari, an dai koya wa manhajar ta kau da kai ne kawai. Abincin da ke gabana ban iya ƙarasa shi ba.

Na fita waje na kira Malama Rabi, ko gaisawa ban tsaya mun yi sosai ba na ce Maryam fa? Ta ce wace Maryam? Na ce Ajuji. Ta yi dariya ta ce tana nan, ta yi kumatu, har ta fara tafiya tana bin kaji. Na ce alhamdu lillahi, na jingina da bango.

To ni dai ban san mene ne wannan ba, kuma ba na son wanda zai zo ya fassara min. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce wabi camfi ne, rai ba ya dawowa duniya, na ce haka na yi imani, haka kuma nake kai har gobe. Amma lambar na gan ta da idona, filas ɗin yana nan a gwangwani, ban ƙara jona shi ba kuma na kasa yar da shi. Shawarata ga 'yan uwana masu rubuta manhaja, duk sarƙar da za ku ƙulla ku tabbata kun rufe bakinta da hannunku, in kuma kun ga lamba na nuni da inda babu kowa, kada ku ce ba komai, ku goge ta tun kafin wani ya zo ya zauna a wurin. Ku kuma iyaye, don girman Allah ku daina ɓoye yara, ku kai su awo, ku kira su da sunansu, ku so su a fili. Masu riƙe da makullin sito daga cikin ofis mai sanyi kuwa, na bar ku da Allah.

Malama Rabi na can har yanzu, kuma duk damina in masara ta kai ƙirji sai na kira ta in ce Maryam fa. Sabis ɗin ƙauyen bai gyaru ba, in ka yi magana sai an ɗan jima kafin amsa ta iso. Kullum cewa take tana nan lafiya, bana ma ta ce an sa ta a makaranta. Amma ɗan shirun nan da ke tsakanin tambayata da amsarta, wallahi ba na iya numfashi a cikinsa.